Kunnen Muhuyi na Dama

Da asubar da na je ɗaukarsa a Yako, na tarar da Muhuyi zaune a kan dakalin ƙofar gidansa, dawowarsa daga masallaci ke nan, yana murza auduga a tafin hannu. A gefensa akwai ɗan gwangwanin man kaɗe. Sai ya tsinko auduga kamar girman gyaɗa, ya lakato mai, ya murza ta har ta dunƙule, ya ajiye a kan gwiwa. Guda huɗu na ƙirga. Ya naɗe su a 'yar leda ya jefa a aljihun gaba, sannan ya ɗago kai.

"Tulu, ka makara."

Ban makara ba, ko kaji ba su sauko ba. Audugar ce ta tsaya mini a rai. A sana'armu mutum ɗaya ne yake toshe kunne, wanda zai shiga cikin tanki. Ni kuwa jiyan nan na yi alkawari a gaban matarsa cewa ni zan shiga, shi yana waje. Kunne ɗaya ya rage masa, na dama, kuma likita ya gaya masa in ya sake shiga tanki shi ma zai tafi. Na ga audugar, na gane abin da take nufi, na tayar da babur na ce ya hau.

Yau shekara biyu da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin muka yi a rumfa ɗaya a Kwanar Dangora, muna aikin ribit.

Ribit gajeriyar ƙusa ce mai kai, ba ta da tsini. In za a haɗa fallen ƙarfe biyu sai a huda su, a zura ta, a tokare kanta ta baya da ƙarfe mai nauyi, a bugi wutsiyarta da guduma har ta baje ta kama. Da ita ake haɗa bokiti da akwatin ƙarfe da murfin injin casa da tankin ruwa, duk wurin da ƙarfe ya yi sirantar da walda za ta ƙone shi. A bokiti mutum ɗaya ya isa. A tanki dole mutum biyu: na waje da guduma, na ciki da ƙarfen tokara. Magana ba ta ratsa ƙarfe, don haka na ciki da ƙwanƙwasa yake magana. In ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya tokare, buga. Sau biyu, tsaya. Sau uku, ta zauna, a matsa gaba. Wanda yake son ya san abin da na ciki yake ji, ya kifa bokiti a kansa ya sa a yi ta dukansa da muciya daga safe zuwa la'asar.

Muhuyi an haife shi a wani ƙauye da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Yana da shekara tara aka tashe su. Mahaifinsa manomi ne, da girmansa ya koyi sana'ar su, ya sayi wani tsohon kwalekwale da ya fi shan ruwa a kan kama kifi. Kullum a kife yake a bakin ruwa ana yi masa faci da fallen garwa. Tsohon yakan datse ƙusa ya mayar da ita ribit, Muhuyi ya kwanta a ƙarƙashin kwalekwalen ya tokare da kan gatari. Da haka ya iya tokara tun kafin ya iya wanki. Shi ne kuma mai nutso in komar kifi ta maƙale. Duhu da matsi ba su dame shi ba. Siriri ne, in ya zura kafaɗa a bakin tanki sai ka ga ya sulale, shi ya sa nake ce masa Tarwaɗa. Ni kuma tun ina saurayi cikina ya yi gaba, ya sa mini Tulu.

Ni mutumin Ba'awa ne, sunana Balarabe. Na koyi bugu a Kano wajen masu bodin mota, na dawo da guduma biyu na kafa rumfa. Wata rana ya zo wucewa da wani guntun aksil na babbar mota a kafaɗa, wanda ya goge bakinsa ya yi masa ɗan gurbi. Ya tsaya ya kalli akwatin da nake haɗawa, ya ɗora yatsa a kan wata ribit, ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta da ƙusa.

"Wannan tana rawa."

"Wa ya tambaye ka?"

"Babu. Amma tana rawa."

Na duba, tana rawa. Washegari ya dawo, bai sake tafiya ba.

Da aka kawo mana tankin farko, a bakin rumfa muka yi magana: tanki ɗaya shi, tanki ɗaya ni. Ya shiga na farko. Da na biyu ya zo na ce bayana yana ciwo. Na uku na ce kafaɗata ba za ta wuce bakin ba. Daga na huɗu ba wanda ya sake tayar da zancen. In tanki ya zo sai ya cire hula ya miƙo mini, ya toshe kunne, ya sulale.

Gaskiyar magana ba baya ba ne, ba kafaɗa ba ce. Ina da shekara bakwai aka zura ni a rumbu in kwaso dawa, wani yayana ya kife murfin don wasa, aka kira shi ya manta da ni. Tun daga ranar ko rijiya ba na leƙawa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ƙato kamata, mai mata da 'ya'ya, ya ce yana tsoron rumbu? Na gwammace a ce mini mai ƙiba.

Ƙa'idojinsa a aiki ba su da yawa, kuma ba ya maimaita su. In za ka sauya ribit a jere, cire ɗaya ka bar biyu, ka sa sabuwa, sannan ka dawo kan sauran, don tsofaffin su riƙe fallen kada ya goce. Ramin da aka cire tsohuwa ya riga ya buɗe, sai ka daidaita shi ka sa wadda ta fi kauri, kada ka mayar da irin ta da. Kuma ba ido ne yake duba ribit ba, yatsa ne. Ribit ɗinsa a gwangwanayen madara suke, kowane kauri da nasa, yana iya ɗauko wadda yake so ba tare da ya kalla ba. Bayan aiki abu biyu yake so: ƙosai da yaji mai yawa, da 'yar rediyonsa mai ɗaure da roba. Labarun duniya ba sa wuce shi. Yakan zauna ya yi ta musu da mai karanta labarai kamar yana gabansa.

Kunnen hagu a hankali ya tafi. Na fara lura ne da cewa in muna tafiya kullum sai ya zagayo hagu da ni, don kunnensa na dama ya fuskance ni. Rediyo ta koma kafaɗar dama. Mai kaya ya yi sallama ta hagunsa sau uku bai amsa ba, har wani ya tafi da fushi. Ni na gani, na san daga ina abin yake, na ci gaba da karɓar hula.

'Yarsa Badiyya, wadda take koyarwa a Kiru, ita ta matsa aka kai shi wani asibiti a Kano. Da ya dawo na tambaye shi.

"Sun ce na hagu ya yi ritaya. Na dama saura kwata. In na sake shiga tanki shi ma zai bi ɗan'uwansa."

"To yanzu fa?"

"Yanzu sai ka rage tuwo ka shiga."

Muka yi dariya. Bayan sati biyu ya kwashe gwangwanayensa da aksil ɗinsa ya koma Yako, garin matarsa Suwaiba, inda yake da 'yar gona. Yana gyaran bokiti da buta da kwanon awo a ƙofar gida. Ni kuma na sayi bindigar ribit, wadda take ɗaura ribit ta waje ba sai an tokare ba. Na ce na huta. A murfin inji da akwati tana aiki. Shekara biyu ban karɓi tanki ba.

Sai Hajiya Barakatu ta Tudun Wada ta aiko. Tana da wurin turara shinkafa, mata wajen ashirin suna aiki a ƙarƙashinta. Tankin da take jiƙa shanshera a ruwan zafi tsohon tankin ruwa ne na ribit, ya fi mutum tsayi, bakinsa a sama, daidai shigar mutum ɗaya. Ɗinkin gindin ne yake yoyo. Masu walda biyu sun taɓa shi, duk inda suka liƙe sai gefensa ya tsage da an hura wuta. Kaka ta yi, sabuwar shinkafa tana ta shigowa. Na zagaya tankin sau ɗaya na ce mata kwana ɗaya ya ishe ni.

Na sa giranda na datse kan ribit ɗari da arba'in a safiya ɗaya, duk jeren, ban bar ko ɗaya ba. Shekara talatin ina jin cire ɗaya ka bar biyu, amma a da mai faɗar yana kusa. Da na fitar da ta ƙarshe sai na ji gindin ya yi ƙara ya goce. Ramuka suka daina kallon juna. Na yi ta dabara da tsinken ƙarfe, na cusa ribit ɗin bindiga inda ta shiga. Ribit ɗin bindiga kuwa tsakiyarta rami ne, kuma ba ta son wuta. Da aka zuba ruwa, tankin da a da yake ɗiga a wuri uku ya koma rariya.

Hajiya ta tsaya ta kalli ruwan yana bin ƙasa har ƙarƙashin buhunanta.

"Malam Balarabe, da yana yoyo muna aiki da shi. Yanzu da ka gyara fa?"

Na ce zan gyara. Na samo wani ƙato cikin masu dakon buhu na zura shi ciki da guntun ƙarfe. Ribit goma sha ɗaya ya riƙe, duk suka karkace, ya fito yana riƙe da kai ya ce ko buhun zinariya za a ba shi ba zai koma ba. Tokara ba ƙarfi ba ce. Sai ka lalubo ramin a duhu, ka tsayar da ƙarfen daidai, ka ji a hannunka lokacin da ta zauna.

Ranar da la'asar na isa Yako. Muhuyi ya saurare ni da kai a karkace har na gama. Suwaiba ce ta yi magana daga bakin zaure, ashe tana ji.

"Malam Balarabe, sannu da zuwa. Ya iyali? In dai tanki ne, Baban Badiyya ba ya zuwa."

"Ba shiga zai yi ba, Maman Badiyya. Ni zan shiga. Shi dai ya daidaita mini ramukan ya yi bugu daga waje."

"Kai za ka shiga?"

"Ni."

"Shekara talatin ba ka shiga ba sai yanzu da cikin ya ƙaru?"

"Na auna bakin, zan wuce."

"Ni dai kunne ɗaya gare mu a gidan nan, da shi nake kiransa cin abinci. Ka ce wallahi."

Na ce wallahi. A lokacin da na faɗa, har raina na ɗauka zan iya. Muhuyi ya dubi matarsa ya dube ni.

"Mata ashirin ba aiki saboda Tulu ya sayi bindiga. Ka zo da asuba."

Daga Yako muka fito Kwanar Dangora, muka kama hanyar Tudun Wada. Yana bayana da aksil ɗin a kan cinya, jakar gwangwanaye tana ta kacau-kacau. Ko'ina shinkafa a shanye a gefen titi. Hanyar nan gaba ɗaya ina ta shirya yadda zan ce masa ya bar audugar, ko in ce mu juya. Har muka isa ban ce ba.

Ya gaisa da Hajiya, ya durƙusa a gindin tankin, ya yi ta zura ƙaramin yatsa a ramukan ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ka san ni ne."

"Da hannu ko da ƙafa?"

Matan da suke baza shinkafa suka kwashe da dariya. Ya sa aka kawo jak na mota da katako, aka ɗaga gindin a hankali har ramuka huɗu suka haɗu. Muka cire ribit ɗin bindiga. Ya zaɓo masu kauri daga gwangwani, ya zuba su a 'yar jaka, ya miƙo mini da aksil ɗin da tocila.

"Bismillah, Tulu."

Na hau tsani. Na zura ƙafafu, ciki ya ɗan maƙale ya wuce, na bi igiyar da aka zura ciki na dira a ƙasa. Warin tsohuwar dusa da tsatsa. Na ɗaga kai, sama ta koma kamar faifai. Na durƙusa na lalubo ramin farko, na zura ribit, na tokare, na ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ya buga. Ƙarar ba ta kunne na ji ta ba, ta haƙora da ƙashin baya na ji ta. Ƙirjina ya rufe. Aksil ya faɗi. Na ji kamar an kife murfin, alhali ina ganin hasken. Ban san yadda na kama igiyar ba, na dai tsinci kaina a kan tankin ina haki, rigata sharkaf, a gaban mata ashirin.

Hajiya ta ce, "Lafiya, Malam?"

Kafin in buɗe baki Muhuyi ya amsa mata.

"Ƙiba ce, Hajiya. Tankinki ba a yi shi don masu cin tuwo sau uku ba. Sauko, Tulu, kada ka lotsa mata murfi."

Na sauko. Ya cire hula ya miƙo mini. Ya ciro ledar nan daga aljihu, ya cusa ɗaya a kunnen dama, ya danna da ɗan yatsa. Na hagun ma ya toshe shi, don sabo.

Akwai abin da zan iya yi a wurin. Zan iya cewa Hajiya ta yi haƙuri sati guda in nemo mai tokara daga Kano. Zan iya datse saman tankin gaba ɗaya ya zama buɗaɗɗe, in shiga da kaina, ƙarar ma ta ragu. Zan iya riƙe hannunsa kawai in ce a'a. Da na so in ce daga baya ne waɗannan suka zo mini. A wurin suka zo, yana kan tsani. Sai dai kowace a ciki sai na tsaya a gaban mutane na faɗi abin da ya fito da ni. Na karɓi hular na sa a aljihu.

Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Na buga.

Da farko na riƙa sassauta hannu, wai ina tausaya masa. A ribit ta shida ya ƙwanƙwasa sau biyu, can sai ga kansa a bakin tankin.

"Bugu kake ko shafa mata mai? Biyar masu kyau sun fi mini sauƙi a kan goma sha biyar na tausayi. Buga mu tashi."

Na buga. Ya sa ɗaya ya tsallake biyu, muka zagaya, muka dawo muka cike. Inda rami ya buɗe da yawa ya turo tsinke in daidaita da injin huda, ya sauya kauri. Yana fitowa salla da cin abinci kawai. Ranar farko muka sa tamanin. Muka kwana a shagon wani ɗan'uwan Hajiya. Da safe na tambaye shi yadda yake jin kunnen, ya ce yana ƙugi kamar injin niƙa, amma kullum haka yake yi. Ya ciro sauran audugar biyu. Da ma na kwana biyu ya murza.

Bayan azahar ta rana ta biyu ya ƙwanƙwasa uku na ƙarshe. Ya fito jikinsa ja da tsatsa, ya bi jeren da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya sa alli a kan guda biyu, ya koma ciki muka sauya su. Aka cika tankin, aka hura wuta. Ko ɗigo. Har yau yana aiki, na wuce na gani.

Hajiya ta yi ta godiya tana sa masa albarka, matan suna yi masa sannu, yana ta murmushi yana gyaɗa kai. Sai aka kira la'asar a masallacin da yake jikin wurin, lasifikar tana kanmu. Kowa ya miƙe neman buta. Muhuyi yana zaune yana goge aksil da tsumma. Na taɓa kafaɗarsa. Ya dubi masu alwala, ya dubi rana, ya sa yatsa ya ciro audugar, ya karkata kai wajen masallacin. Ladan bai gama ba.

"An kira ne?" ya ce, da ƙarfi fiye da yadda yake magana.

Na gyaɗa kai.

"Jin zai dawo. Kwana biyu yake yi."

Muka isa Yako daf da magariba. Ya sauka yana kwance jakarsa daga babur, bayansa yana wajen gidan. Suwaiba ta leƙo daga zaure.

"Baban Badiyya, sannu da zuwa."

Bai juyo ba. Ta sake faɗa. Ta matso har bakin ƙofa ta faɗa na uku. Yana ta fama da ƙullin igiya. Ta dubi tsatsar da take wuyansa da gashinsa, ta dubi rigata. Na jira ta zage ni, da ta yi da na ji sauƙi.

"Malam Balarabe, ka gaida gida."

Ta zo ta karɓi jakar daga hannunsa suka shiga.

Jin bai dawo ba. Badiyya ta sake kai shi Kano, ta sayo masa ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, ya ce shuu kawai yake ji, ya jefa shi a gwangwanin ƙananan ribit. Rediyon ya ba wa maƙwabcinsa. Da asuba Suwaiba ce take jan ƙafarsa. A sahu yana satar kallon na kusa da shi don ya san lokacin ruku'u. Mutanen da suke zama hira a dakalinsa suka ragu, ba don ƙiyayya ba, hira da hannu tana gajiyarwa. Duk wannan a bakin mutane na ji, masu zuwa kasuwa. Wata bakwai ban taka Yako ba. Na aika da shinkafa, na aika da yadi da salla. Aike ba wuya.

Zuwan da na yi daga ƙarshe, wata uku ne kafin rasuwarsa. Zazzaɓi ne na kwana biyar ya ɗauke shi. Na same shi da hantsi a ƙofar gida da rabin duro na wani Bafulatani, wanda ake ba shanu ruwa a ciki, yana sa masa faci a can ƙasa. Hannunsa ba ya kaiwa ciki da waje lokaci ɗaya, ya tokare aksil ɗin da dutse, yana ta zamewa. Ya rame. Da inuwata ta faɗa kan duron ya ɗago.

"Tulu. Ashe kana raye."

Na zauna a gabansa. Suwaiba ta turo ruwa a kofi ta bakin zaure, ba ta fito ba. Sai na fara magana. Na gaya masa zancen rumbu da yayana. Na gaya masa bayana bai taɓa ciwo ba. Na gaya masa na ga audugar a dakalin nan da asuba kuma na san ta mece ce. Na ce da na datse saman tankin. Abin da ban faɗa ba a shekara talatin da yake da kunne, na zazzage shi duka. Yana kallon bakina har na yi shiru. Ko ta cikin zauren ta ji, ban sani ba.

"Ba na ji, Tulu," ya ce. "In gaisuwa ce, lafiya lau. In tanki ne, babu sauran abin da za ka ɗauka."

Ya yi 'yar dariya. Ni ban iya ba. Ya ture dutsen da ƙafa, ya ɗauko aksil ɗin ya miƙo mini.

"Tunda ka zo, riƙe nan."

Na durƙusa na zura hannu har kafaɗa a cikin duron, na lalubo kan ribit na tokare. Ya buga sau biyar. Ya ɗora yatsa, ya ƙwanƙwasa gefenta.

"Ka karkace."

Ya datse kanta, ya fitar da ita da tsinke, ya daidaita ramin. Ya sa hannu a gwangwani na gaba bai kalla ba, ya ɗauko mai kauri ya ba ni na zura. Sannan ya leƙa ciki, ya kama wuyan hannuna ya juya shi kaɗan, ya danna gwiwar hannuna ta manne da jikin duron. Ya buga sau biyar. Ya ɗora yatsa a kanta ya daɗe, ya ƙwanƙwasa gefenta da ƙusa, sannan ya miƙa hannu cikin gwangwani ya ɗauko ta gaba.